Jan Biro da Shafin Yayanta

Da hantsi, bayan hayaniyar 'yan makaranta ta lafa, wata dattijuwa takan ɓullo daga kwanar layinmu, jaka a kafaɗa, lema a hannu ko da hadari ko babu. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa hira. Takan ɗaga wa masu shaguna hannu, ta hau matakalar ɗakin karatu na unguwa, ta wuce can ƙurya inda aka jera kwamfutoci uku. Biyu sun daɗe da mutuwa. Ta ukun, mai gurnani kamar tsohon firiji, ita ce abokiyar aikinta. Sai ta goge madannan da gefen mayafinta, ta sauya tabarau, ta ajiye gorar ruwanta a ƙasa nesa da wayoyin wuta, ta fara karanta abin da mutane suka rubuta a kan mutane tun daga jiya. Ba ta tashi sai azahar.

Babu mai biyanta. Na bincika.

Na ce na bincika domin ni ban cika yarda da aikin da aka ce na sa kai ne ba sai na leƙa ƙarƙashinsa. Shagona na gyaran keken ɗinki yana kallon ƙofar ɗakin karatun nan, kuma shekara da shekaru ina ganin shigarta da fitarta ina cewa a raina lalle akwai wata ƙungiya da ke tura mata wani abu ta bayan fage. Babu ko ɗaya. Tsohuwar malamar makaranta ce, fanshonta take ci. Ɗalibanta na da ne suka sa mata suna Jan Biro, saboda duk takardar da ta bi ta hannunta sai ta dawo kamar an yanka kaza a kanta. Sunan ya bi ta har gida, ya kuma bi ta wurin aikin da ta ɗaukar wa kanta bayan ritaya. A watan nan ta ajiye wannan aikin, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba dangina ba ce, ba ta taɓa yi mini wata alfarma ba, kuma da ta san ina rubuta wannan da ta hana ni.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in yi bayani yadda na fahimce shi. Akwai wani kundin sani a intanet wanda kowa yana iya shiga ya rubuta, kowa kuma yana iya gyara abin da wani ya rubuta. Idan ka buga sunan wani sananne a wayarka, sau da yawa shafinsa na wannan kundin ne ke fara fitowa. Masu aikin suna kiran kansu editoci, kowa da laƙabinsa, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Suna da ƙa'idoji da yawa, amma waɗanda suka shafi tarihin mutum ba su da wuyar ganewa. Kada ka yabi mutum, kada ka zage shi, ka faɗi abin da jarida ko littafi ya tabbatar, ka nuna inda ka samo. Kada ka kwashi rubutun wani ko hotonsa ba da izininsa ba. Sannan idan kana da alaƙa da wanda ake rubutu a kansa, ɗan'uwanka ne, ko ubangidanka, ko abokin gabarka, to ka fito fili ka faɗa, ka kuma janye hannunka daga shafin. Kowane shafi yana da wani a bayansa, shafin tattaunawa, inda editoci ke musu da juna. Can ne kawai mai alaƙa ke da izinin magana.

Da aka fara yi mini wannan bayanin dariya na yi. A cikinmu? Mu da in mutum ya gina masallaci ko ya haƙa rijiya sai mun mai da shi waliyyi, in kuma ya ɓata mana rai sai mun tono kakansa? Na ce wannan kundin ko dai tarin ƙarya ne ko dandalin 'yan hassada. Har yanzu ban janye rabin maganar ba. Abin da ban sani ba shi ne akwai irin su Jan Biro a tsaye a bakin ƙofa.

Ma'aikacin ɗakin karatun, wanda muke kira Sarkin Shiru saboda yawan hana mutane magana, shi ya fi kowa ganin aikinta. Ya ce mini wani lokaci sai ya ji ta yi tsaki ita kaɗai, in ya leƙa sai ya ga tana yi wa wani shafi aski. “Gwarzon da ba a taɓa yin irinsa ba,” ta share. “Uban marayu, hasken al'umma,” ta share. Abin da zai rage sai ranar haihuwa, makarantar da mutum ya yi, aikin da ya riƙe. Ya ce ya taɓa tambayarta, “Malama, ba kya tausayin bawan Allah? Kin tuɓe shi tsirara.” Ta ce, “Riga na cire masa ta aro. Tasa tana jikinsa.” Ba yabo kaɗai take sharewa ba. Ranar da wani ya rubuta cewa wata likita mayya ce mai kashe jarirai, Sarkin Shiru ya ce bai taɓa ganin hannunta ya yi sauri kamar ranar ba.

Na je wurin Mai Hoto na bakin titi, mutumin da bai iya yabon kowa ba, har 'ya'yansa. Na tambaye shi ko ya san ta. Ya ce, “Matar nan mai takurar tsiya? Ta zo nan wai tana neman izinin sa hoton wata tsohuwar ungozoma da na ɗauka tun ina saurayi. Na ce ki ɗauka mana, kowa ɗauka yake yi. Ta ce ita ba kowa ba ce. Ta zaunar da ni tana yi mini bayanin abin da zan yarda da shi da abin da zan rasa in na yarda, kwastoma na jira. Sai da na rubuta amincewata da hannuna.” Ya goge gilashin kyamararsa, sannan ya ce, “Tun da na fara sana'ar nan ita kaɗai ta taɓa tambayata.” Wannan daga bakin Mai Hoto ya fi kirarin maroƙa goma.

Amma duk wannan ba shi ya sa nake jinjina mata ba. Yi wa baƙo aski ba wuya. Ina so in ga abin da mutum zai yi ranar da kan da ke gabansa na gidansu ne.

Jan Biro tana da yaya, ɗan kwangila, wanda duk garin ke kira Baban Gini. Shi ya rene ta bayan rasuwar mahaifinsu. Makarantu, shaguna, ƙananan asibitoci, ya gina da yawa. A bara ya nemi shugabancin ƙungiyar 'yan kwangila, sai babban ɗansa, wanda ake ce wa Manaja domin shi ke riƙe da ofishin uban, ya ga ya kamata duk wanda ya buga sunan Baba a waya ya ga abin alfahari. Ya buɗe wa kansa laƙabi a kundin, ya ɗauko wani ɗan littafin yabo da wani tsohon ɗan jarida ya rubuta wa uban, ya kwafe shi kusan kalma da kalma. Ya ɗauko hoton uban da Mai Hoto ya ɗauka, ya datse gefen da tambarin shagon yake, ya rubuta cewa shi ya ɗauka. Ya kuma bar abu ɗaya a waje. Shekaru da suka wuce, rufin kankare na wasu ajujuwa da Baban Gini ke ginawa ya rufto tun kafin a miƙa aikin. Leburori biyu suka ji rauni, ɗaya ya rasa ƙafa. Kwamitin bincike ya ce rodin da aka sa bai kai kaurin da aka yi yarjejeniya ba, aka dakatar da kamfanin na wani lokaci. Jaridu sun buga. Manaja bai sa ko harafi ɗaya ba.

Lissafinsa irin namu ne, kuma a ko'ina da ya ci riba. In kana da gwaggo a asibiti ba ka bin layi. In kana da kawu a ofis takardarka ba ta kwana. To ga gwaggonsa babbar edita a kundin, wa zai taɓa musu shafi? Bai san cewa wannan ne wuri ɗaya da samun naka a ciki yake zama matsala ba.

Shafin ya faɗo gabanta cikin sababbin da take dubawa kullum. Ta kira Manaja a waya, ya zo ɗakin karatun yana kaɗa mukullin mota. Sarkin Shiru yana jera littattafai kusa da su, kuma ya rantse mini ba laɓe ya yi ba.

“Gwaggo, kin ga aikinmu ke nan?”

“Na gani. Wa ya rubuta?”

“Wani masoyin Baba ne.”

“Masoyin Baba da ya san sunan unguwar da aka yanke masa cibiya? Kai, ni na yi maka wanka. Zauna.”

Ya zauna yana dariya. “To ni ne. Laifi ne ɗa ya yabi ubansa?”

“A falonku ba laifi ba ne. A nan laifi ne, tunda ka ɓoye cewa kai ɗansa ne. Rubutun ba naka ba, hoton ba naka ba. Sannan ina maganar rufin?”

“Wane rufi?”

“Kada ka mai da ni sa'arka.”

“Haba Gwaggo! Abin da ya wuce tun ina firamare?”

“Ka je ka tambayi mai ƙafa ɗaya ko ya wuce.”

Manaja ya gyara zama, ya sassauta murya. “Ni fa abin da nake so kaɗan ne. Ki danna mana abin nan naku na amincewa, ki riƙa sa ido kada 'yan baƙin ciki su yi mana ɓarna. Meye amfanin a ce namu na ciki?”

“Amfanin shi ne na kira ka kafin kowa ya gani. Ka je ka rubuta cewa kai ɗansa ne, ka cire hoton da rubutun mutane, ka bar wa waɗanda ba su san shi ba su rubuta. In ba ka yi ba zuwa ƙarshen mako, ni zan faɗa.”

Ya tashi yana cewa Gwaggo ba ta canzawa, har ya tsaya ya tambayi Sarkin Shiru ko ana ba ta shayi a nan, don da alama yunwa ke sa ta faɗa. Bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ya ɗauka irin barazanar da take yi masa ce yana yaro.

Ba ta tsaya nan ba, ta je wurin yayan nata. Wannan ɓangaren daga bakin matarsa na ji, ranar da ta kawo mini kekenta gyara, kuma a lokacin ba ta cikin masu ganin kirkin Jan Biro. Ta ce suna zaune a falo, maigidan yana kallon labarai, ƙanwar tasa ta yi masa bayani tiryan-tiryan.

Ya ce, “Auta, ni ban san kan abin nan naku ba. In yaron ya yi kuskure, ki gyara masa.”

“Ba zan iya taɓawa ba, Yaya.”

“Hannunki ke ciwo?”

“Kai yayana ne.”

“Au! Shi ne laifin nawa?”

“Ba laifi ba ne. Ƙa'ida ce. Duk abin da na rubuta a kanka, ko gaskiya ne, ba wanda ya kamata ya yarda da shi. Ni ma ban yarda da hannuna a kanka ba.”

Ya rage ƙarar talabijin. “To ki kau da kai. Ki yi kamar ba ki gani ba. Ke kaɗai ce a wurin?”

“Na riga na gani, Yaya. Na yi wa 'ya'yan mutane haka ba sau ɗaya ba. Da wane ido zan kalli na gaba?”

Matar ta ce a nan ita ta tsoma baki, ta ce, “Uwar ƙa'ida, ƙa'idar ce ta kai ki makaranta?” Maigidan ya mai da ƙarar talabijin yadda take, bai sake kallonta ba har ta yi sallama.

Ƙarshen mako ya zo ya wuce, shafi na nan yadda yake. Ranar Litinin ta shiga shafin tattaunawa ta rubuta 'yan layuka. Na sa an nuna mini, suna nan har yau. Ta ce wanda ake magana a kansa yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba za ta taɓa shafin ba. Ta ce wanda ya rubuta ɗansa ne, bai kuma bayyana ba. Ta faɗi littafin da aka kwafo da mai hoton. Ta ce akwai wani lamari na ruftawar gini da jaridu suka buga wanda ba a ambata ba, editocin da ba ruwansu su duba ko ya cancanci shiga. Shi ke nan. Ta kashe kwamfutar tun kafin azahar, abin da Sarkin Shiru ya ce bai taɓa gani ba, ta zauna a kujerar tana kallon baƙin gilashin.

Da labarin ya iso layinmu, ni ne na farkon cewa akwai wata a ƙasa. Mace ba ta tona asirin yayanta haka kawai. Na ce ko rabon gado ne, ko wata tsohuwar gaba tsakaninta da matar gidan, ko kuma son a ce ita ce mai gaskiya, wanda shi ma ciwo ne, na kuma san masu fama da shi. Na bi diddigi. Gadon da mahaifinsu ya bari bai kai a yi faɗa a kansa ba. Tsofaffin unguwarsu suka ba ni labarin yadda yake goya ta a keke ya kai ta makaranta kafin ya wuce wurin haɗa kwaɓi, yadda ya ƙi yin aure sai da ta gama kwaleji. Duk wanda na tambaya ya ce ba ta da wanda ya fi shi a duniya. Na nemi ƙiyayya ban samu ba. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin ya nuna ta san abin da za ta rasa.

Editoci suka yi aikinsu. Aka cire hoton, aka share rubutun da aka kwafo, aka gargaɗi Manaja. Sai ga wani mai laƙabin Gatari, wanda ba wanda ya san daga inda ya faɗo, ya shiga shafin ya rubuta cewa Baban Gini ya kashe leburori saboda haɗama, ya sayi kwamitin bincike da kuɗi. Har yau ban san ko wane ne ba. Wasu sun ce ɗan wani abokin takara ne, ni dai ban gani ba, ba zan kuma faɗi abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne a gidan Baban Gini ba wanda ya yi shakkar cewa Jan Biro ce ta sauya suna. Manaja ya riƙa nuna wa dangi a waya yana cewa, “Ku ga abin da Gwaggo ta yi wa Baba.”

Tana da ikon share ƙazafin da dannawa ɗaya, editocin ma sun gaya mini a irin wannan da ta yi ba mai kama ta da laifi. Ba ta yi ba. Ta koma shafin tattaunawa ta rubuta cewa ba wanda ya mutu, ba kuma jaridar da ta ce an sayi kowa, ga abin da aka buga, a gaggauta dubawa domin mutumin yana raye. Nan kuma wasu cikin abokan aikinta suka juyo kanta. Wani ya rubuta, “To, jini ya motsa.” Wani ya ce dama duk bayanin farko wayo ne don a yarda da ita daga baya. A gida ana ce mata maciyar amana, a wurin aiki ana ce mata 'yar kare dangi, duka a mako ɗaya. Wata edita daga wata ƙasa can, wadda ba ta san kowa a cikinsu ba, ita ta zauna ta karanta tsofaffin jaridun ta sake rubuta shafin. Ta sa gine-ginen da aka tabbatar nasa ne. Ta sa ruftawar rufin a sakin layi ɗaya, da raunin leburorin, da abin da kwamiti ya ce, da dakatarwar, da komawarsa aiki. Ba zagi, ba kirari.

Baban Gini ya janye daga takarar. Ko shafin ne ya jawo, ko dama ba zai kai labari ba, ban sani ba. Bayan wasu watanni ɓarin jikinsa ya shanye. Dangi suka ce ita ce. Ni ba likita ba ne, amma matarsa da bakinta ta gaya mini ya daɗe yana wasa da maganin hawan jini. Duk da haka aka daina sanar da Jan Biro al'amuran gidan. Aka yi wa jikarsa suna, a bakin maƙwabta ta ji. Ita kuwa duk ƙarshen mako sai ta je. Ta gaishe shi, ya ce “Lafiya,” ya juya fuska bango. Ta zauna a kujerar roba kusa da ƙofa, ba mai ba ta ko ruwa, in ta gaji ta tashi ta tafi. Mako mai zuwa ta dawo.

Malama, a nan zan juyo gare ki. Ke ce kika nuna mini cewa rashin son kai ba a baki yake ba. Mu da muke cika majalisa da zancen adalci, yawancinmu adalcinmu yana ƙarewa ne a ƙofar gidanmu. Ke ce kika ƙi wanke yayanki, kika kuma ƙi bari a shafa masa abin da bai yi ba, kika sha zargi ta gaba da ta baya ba ki buɗe baki kin kare kanki ba. Ba zan ce ba ki da aibu ba. Kina da taurin kai, kuma akwai masu hankali da suke ganin da kin yi shiru kin bar wani ya gano, da ba a kai nan ba. Na auna maganarsu. Amma shirun wanda ya sani ba shiru ba ne, sa hannu ne. Kin fi ni sanin haka.

Dalilin ajiye aikinta idanu ne. Likita ya ce hasken gilashin kwamfuta yana ƙarasa mata abin da ya rage, ta zaɓa. A makon da ta yanke shawara ta je gidan yayan kamar yadda ta saba, kuma matarsa, wadda zuciyarta ta fara sanyi ganin naci, ita ta ba ni labarin abin da ya faru.

Ta gaishe shi. Wannan karon bai juya ba. Bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa tana fita a hankali. Ya ce, “An ce kin bar aikin.”

“Na bari, Yaya. Idanu.”

“Abin nan da aka rubuta. Kowa ya karanta ban da ni. Karanta mini.”

Ta ciro waya, ta ƙara girman rubutun har kalma biyu ke cika layi, ta matso da ita kusa da hancinta. Ta karanta haihuwarsa, ta karanta yadda ya fara da leburanci, ta karanta makarantu da shagunan da ya gina. Yana ji yana gyaɗa kai. Da ta kusa wurin, matar ta matso ta taɓa ta, ta raɗa mata, “Ki tsallake. Ki ce ba kya gani.”

Jan Biro ta sauke wayar. Ta ce, “Yaya, saura maganar rufin. In ba ka so, sai in rufe gaba ɗaya. Amma ba zan karanta maka rabi in ce duka ne ba.”

Matar ta ce ita har ta fara neman takalminta don kada a yi a gabanta. Can ya ce, “Ci gaba.”

Ta karanta. Rodin, kwamitin, ƙafar leburan, dakatarwar. Ba ta tsallake kalma ba. Da ta gama ya kalli silin. Sannan ya ce, “Ba su sa gadar bayan kasuwa ba.”

“Ba a buga ta a jarida ba, Yaya.”

“Bayan abin nan na yi ta. Ni da kaina na auna kowane rodi. Ambaliya nawa ta wuce ta kanta, ko tsagewa ba ta yi ba.”

“Shi ya sa ba a buga ba.”

Matar ta ce sai ta ji wani sauti daga ƙirjinsa, ta ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Ya ce, “To ki gaya musu.”

“Sai dai in rubuta a bayan shafin, in ce yayana ne ya faɗa, ba ni da madogara.”

“Ki ce ɗin. Ai yayanki ne.”

Washegari ta hau matakalar ɗakin karatun a karo na ƙarshe, ta rubuta hakan. Yayanta ya ce shi ya gina gadar bayan kasuwa, ita ba ta da takardar da ta tabbatar, ba za ta kuma sa a shafin ba, wanda ya samu madogara ya duba. Ban ce sun shirya ba. Manaja har yanzu ba ya gaishe ta, kuma ni ban cika yarda da sulhun da aka yi a bakin gadon mara lafiya ba sai na ga ya kwana biyu. Amma matar gidan ta ce a zuwan da ya biyo baya, shi da kansa ya sa a matso mata da kujera kusa da gadon.

Mun gode, Jan Biro. Allah ya ba idanunki sauƙi, ya ba yayanki lafiya, ya daidaita tsakaninku tun kuna tare.

Ku kuma matasa masu shiga kundin nan da wayoyinku, na san da yawanku ubangida ne ya aiko ku, wasu kuma haushi ne. Ba na sa ran ku zama ita dare ɗaya. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ka yabi mutum ko ka tsine masa a gaban duniya, ka fara faɗin abin da ke tsakaninku. In ba za ka iya faɗa ba, ka cire hannunka. Sannan in akwai mai tsohuwar jarida ko rahoton hukuma da ya ambaci wanda ya gina gadar bayan kasuwa, ya taimaka ya kai wa editocin. Ni na je na duba ta, na leƙa har ƙarƙashinta, lafiyarta lau. Amma an ce ganina ba madogara ba ne, kuma tsohon yana kwance yana jira.